Shekarar Da Tafkin Gawo Ya Koma Miyar Kuka

Jiya da hantsi na bi ta bakin Tafkin Gawo zan kai wa Inna niƙa, sai wari ya tare ni tun ban hango ruwan ba. Irin warin ɗanyar ciyawa ne da aka cusa a buhu aka manta da ita har ta ruɓe. Na ajiye ƙwaryar dawa na leƙa. Ga shi nan kuwa ya dawo, kore shar, ya kwanta a bakin mashaya kamar an kifar da tukunyar miyar kukar gidan biki. Na dawo gida ina huci, har Inna ta tambaye ni ko wani ne ya zage ni a hanya. Babu wanda ya zage ni. Duna na tuna.

Duna baƙin sanmu ne na huɗa. Shi da Fari suke jan garma da amalanke, kuma da wuyansu gidanmu yake cin tuwo. Fari mai kunya ne, ko dusa aka zuba masa sai ya waiwaya ya ga ko akwai mai kallo. Duna kuwa ɗan'uwana ne a hali. Ya taɓa cinye hular Baffa Ilu da aka shanya a kan danga, ya tsaya yana tuƙa yana kallon mai hular ido cikin ido. Tun daga ranar na san ni da shi sai Allah.

A shekarar da nake magana ban wuce sha biyu ko sha uku ba, kuma ita ce shekarar da na ɗaura niyyar kai azumi har ƙarshe ba fashi. Sai azumin ya faɗo tsakiyar bazara. Zafin shekarar nan, kaza in ta yi ƙwai a rana sai dai ka nemo gishiri da yaji. Ƙadangaru da ƙafa bibbiyu suke gudu don su hutar da sauran. Famfon tuƙa-tuƙa na bakin masallaci ya lalace tun kafin a ga wata, rijiyar gidanmu kuma in ka zura guga laka take miƙo maka da ɗan ruwa a sama kamar sadaka.

Babanmu yana Ungogo ci-rani, yana jan a-daidaita-sahu. Kakanmu, wanda kowa yake kira Malam, ya tafi Zakirai tafsiri kamar yadda ya saba duk azumi. Gida ya koma hannun Baffa Ilu, ƙanin babanmu. Baffa ya yi karatun fikihu a gaban Malam yana saurayi, ya kammala babin ruwa, daga nan fataucin gyaɗa ya ɗauke shi. Babin ruwa kuwa shi ne na farko a littafin. Amma tun daga lokacin, duk wani ruwa da ke duniya, na randa da na sama da na kogi, Baffa gani yake shi ne limaminsa.

Aikinmu kullum ɗaya ne. In an yi sahur an yi asuba, sai mu ɗaura wa shanu karkiya, mu loda takin turke a amalanke, mu kai gona mu zuba tsibi-tsibi kafin damina ta riske mu. Rana na ɗagawa sai in kai su tafki su sha. Daga nan kowa ya nemi gindin darbejiya ya baje kamar wanki, maƙogwaro a bushe, harshe kamar tsohon takalmi, ana jiran ƙamshin ƙosan Inna ya ce la'asar ta yi nisa. Mu yara kuwa muna da dabararmu. Da azahar mukan sulale mu shiga tafki mu zauna, ruwa iya wuya, baki a rufe gam, mu jiƙa kamar gero har jiki ya yi sanyi.

Tafkin ya ja baya ƙwarai a lokacin. Ya bar laka mai tsattsagewa ta ko'ina, ruwan da ya rage kuma ba ya motsi, ɗumi gare shi kamar na wankan jego. Wata rana muka zo muka tarar ya sake launi. Iskar bazara ta kwaso wani kore-koren abu mai kauri ta tara shi a gefen gabas, daidai inda dabbobi suke sha. Abokina Ɗanlami ya ce ai gansakuka ce, muka ture ta da hannu muka faɗa. Muka fito kamar kwaɗi, har cikin kunne kore.

Kafin a sha ruwa jikina ya ɗauki ƙaiƙayi. Na sosa da hannu, na sosa da marfin kwano, na goga bayana a jikin rumbu kamar akuya. Idanuna suka yi ja, ƙuraje suka feso a wuya da hammata, kunun tsamiyar da na yi wuni ina mafarkinsa kuma ina sha ya dawo. Inna ta ɗauki ruwan jarka, wanda aka sha wahalar ɗebowa don sha, ta wanke ni tas da sabulu tana ta salati. Baffa ya leƙo ya dube ni sama da ƙasa.

"Ruwa ya sha a ɓoye," in ji shi. "Ka shiga tafki da sunan wanka ka buɗe baki, Allah ya tona maka asiri."

Wallahi ban sha ba. Har yau in na tuna wannan ƙazafi sai in ji kamar in yi ihu. Wuni guda ina haɗiye busasshen miyau, a ƙarshe a ce na ci amanar azumi.

Washegari na je da shanu, na ga abin da ya sa na ja igiya da baya. Kifin karfasa birjik a bakin ruwa, ciki sama. Balbela biyu a kwance cikin laka, fukafukai a buɗe. Can gefe ga karen wani maharbi ya miƙe, bakinsa duk kore. Na sa sanda a cikin abin na ɗago. Gansakukar da na sani zare-zare take fitowa, kamar gashin tsohuwa, ta rataya a jikin sanda. Wannan kuwa shafe sandar ta yi kamar na tsoma ta a gwangwanin fenti. Na juya da Duna da Fari, muka miƙa har rijiyar lambu da ke cikin fadama.

Rijiyar nan da nisa, kuma da zurfi. Ka ja guga har kafaɗarka ta ce ta yi murabus. Duna shi kaɗai yakan shanye rabin rijiyar ya ɗago kai yana kallona kamar ya ce ina sauran. Kafin mu dawo rana ta take tsaka, sawun takin hantsi ya wuce. Da na yi haka kwana biyu ko uku, Baffa ya tsare ni a zaure.

"Kai Sadi, gidan uban wa kake kai min shanu har azahar? Maƙwabta sun gama kai taki, mu tsibinmu ko rabi bai yi ba."

"Baffa, tafkin ne ya lalace. Kifi ya mutu, balbela ta mutu, har kare."

"Kare. Bara ba kai ka tashi unguwa da ihu wai ka ga kada a tafkin nan ba? Aka fita da gariyo da adduna, aka tarar tsohuwar taya ce."

"To ai an je an duba, Baffa. Wannan ma a je a duba mana."

"Na gani da idona, gansakuka ce. Abin da ruwa ya haifa da kansa ba ya ɓata ruwa, haka yake a littafi. Ko ya sake launi, ko ya sake ƙamshi, da tsarkinsa. A yi alwala, a yi wanka."

"Baffa, Duna fa ba alwala zai yi ba. Sha zai yi."

Ranƙwashin da na sha a ranar, har yanzu in hadari ya haɗo wurin yana yi min zugi. Inna ta yi magana daga bayan ƙofa, ta ce, "Baffansu, da an bar yaron nan ya ci gaba da kai su lambu. Ni na wanke jikinsa, na ga abin da na gani." Baffa ya ce mata ai ita ke ɓata ni, shi ya sa bakina ya fi jikina girma. Kuma maganarsa ta riga ta zaga gari. Duk wanda ya yi shakkar ruwan, sai a ce masa ai ɗan gidan Malam ya ce da tsarkinsa. Mata suna ɗebowa su jefa alam ya kwanta, su tafasa, su yi wanke-wanke da shi hankali kwance.

Kashegari Baffa ya ce shi zai kai su da kansa. Mun yi sawu a kan sawu tun asuba, shanun sun galabaita, harshe a waje. Ya kwance musu karkiya a gindin gawo ya kora su mashaya. Na bi su ina roƙo, ina rantsuwa, ina kuka, duk a haɗe. Da na ga ba ya ji, na kama igiyar Fari na naɗe ta a hannu na zauna daɓas a cikin laka. Fari ya ja ni kamar buhu, ya samu ya kurɓa kaɗan, sannan ya tsaya don shi ba ya son rigima. Hannu biyu gare ni, kuma duka suna kan igiya ɗaya. Duna ya kutsa har gwiwa, ya dulmiya baki cikin kaurin abin nan, ya sha, ya sha, ya ƙara sha. Da ya ɗago, hancinsa kore kamar an shafa masa lalle ɗanye.

"Ka gani?" in ji Baffa. "Ya mutu?"

Duna bai kai la'asar ba. Muna isa gida ya fara rawar jiki, fatar bayansa tana karkarwa kamar ƙuda ya sauka. Miyau ya dinga dalala. Ya yi tangaɗi ya bugi turke, ya durƙusa, ya yunƙura ya kasa. Numfashinsa ana ji daga zaure. Na rungume wuyansa ina kiran sunansa, shi kuwa idonsa a kaina, wannan idon da ya kalli Baffa da shi ranar hula. Maza suka cika gidan, kowa yana faɗin a kawo wuƙa kafin ya zama mushe. Aka janye ni. Aka yanka shi.

Abin da ya ƙara ƙona min rai, tun jininsa bai daina zuba ba na ji ana lissafin watanda. Wata ya yi nisa, tukwane sun daɗe ba su ga nama ba, har wani ya aika gida a kawo masa faranti. Sai da mahauci ya buɗe cikin aka daina lissafin. Hantar ta kumbura ta yi baƙi, yana taɓa ta tana farfashewa kamar dafaffen jini.

A daidai nan malamin dabbobi ya iso daga Makoda a kan babur, don Inna ta ari wayar maƙwabciya ta sa an kira shi tun Duna yana tsaye. Ya dubi hantar, ya dubi koren da ya bushe a hancin san, ya ce a kai shi tafkin. Da ya dawo bai ko zauna ba.

"Kowa ya mayar da farantinsa gida," ya ce. "Wannan sai rami."

"Haba malam, an fa yanka shi da ransa," in ji wani dattijo.

"Na sani, Baba, yanka ya yi. Amma dafin da ya kashe sa guda a wuni ɗaya, ba zan ce ka kai wa jikokinka ba. Abin nan da kuke gani ba gansakukar da kuka saba ba ce. Wasu ƙananan halittu ne, in ruwa ya ja baya ya yi ɗumi, ga kashin dabbobi da takin da ruwan sama ya wanko daga gonaki, sai su yi ta haihuwa. Wani lokaci da dafi, wani lokaci babu, kuma ido ba ya rabewa. In kun ga haka ku nisance shi, ku da yara da dabbobi. Kifin da ya mutu a ciki kada a ci. Wanda ya taɓa ya wanke da ruwa mai kyau, in ya fara amai ko gudawa a kai shi asibiti."

Wata mata ta ce daga bayan danga, "Mu ai tafasawa muke yi, mu sa alam."

"Alam ya kwantar da datti, wuta ta kashe ƙwayar cuta. Dafin nan kuwa yana nan daram, Hajiya, ko ki kwana kina hura wuta."

Haka muka haƙa rami a bayan gari da bakin azumi, ƙasa kamar dutse, diga tana tashi da wuta. Muka binne sa sukutum, ciki ba komai, ana kiran magariba. Ranar ko ƙosai ban iya ci ba.

Fari bai mutu ba, amma ya ga ta kansa. Bayan 'yan kwanaki fatar bayansa da ta hancinsa ta fara ɗayewa duk inda rana ta taɓa, kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Malamin dabbobi ya ce hantarsa ce ta taɓu, a ɓoye shi daga rana. Muka yi masa rumfa da karan dawa, Inna ta yafa masa tsohon zaninta mai furanni. Yaran unguwa suka riƙa leƙowa suna cewa ina kwana Hajiya Fari. Da a wata shekarar ce, ni zan fi kowa dariya.

Malam ya dawo ana jibi Salla. Ya shiga rumfar ya daɗe yana shafa wuyan Fari, sannan ya zauna a zaure ya sa aka kira Baffa. Ni kuma na laɓe a bayan ƙofa, don irin wannan zama ba a ba ni labarinsa.

"Ilu, an ce ka yi fatawa."

"Malam, abin da na karanta a gabanka na faɗa. Abin da ruwa ya haifa ba ya cire masa tsarki."

"Haka ne, ba ka yi ƙarya ba. To a wane shafi aka ce ba ya kisa?"

Malam bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Tsarki daban, lafiya daban. Da ka daure ka juya 'yan shafuka gaba, da ka iske inda aka ce wanda ruwa zai cutar ya bar shi ya yi taimama. Addinin da ya sauwaƙe maka alwala don kada ka cutu, shi ka ɗauka ka tura dabba cikin dafi?"

"Ƙaddara ce, Malam."

"Ƙaddara ce. Amma kai ka riƙe mata igiya har bakin ruwa." Sai ya ɗaga murya. "Kai kuma mai kada, fito daga bayan ƙofar nan, ƙafarka tana waje."

Na so a ce an ba ni haƙuri a ranar. Ba a ba ni ba. A gidanmu babba ba ya ba yaro haƙuri, sai dai ya miƙo masa ƙashi mai ɗan nama a jiki ya kau da kai.

Ruwan farko ya sauka da ƙarfinsa, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗebi yashi ya ci. Gari ya fita shuka. Da lokacin huɗa ya zo, ko'ina ka juya shanu ne bibbiyu suna tsaga kunya, mu kuwa garmarmu tana jingine a bango kaji suna kwana a kai. Sa ɗaya ba ya ɗaukar karkiya, balle mai zani. Masu shanu duk sun ce za su taimaka in sun gama nasu, kuma ciyawa ba ta san wannan alkawari ba. Babanmu ya baro Ungogo ya dawo. Muka ɗauki garmar hannu, ni da shi da Baffa, muka sunkuya. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi a kan na farko. Bayana ya lanƙwashe har na fara gaisawa da tururuwa da suna. Baffa yana gabana a kunya, rigarsa ta manne da gumi, ko ɗagowa ba ya yi. Na lura ya fi kowa aiki. Ban ji tausayinsa ba ko kaɗan.

Sai da aka yi mana gayya muka rufe gonar bayan gari, kuma an makara. Gero ya fito siriri kamar ni. Tsakiyar damina rumbu ya yi ƙasa, muka koma kwaɗon rama da tafasa da ɗan ƙuli, cikina yana kuka har liman yana waiwayowa a sahu. Tafkin kuwa ya cika ya batse, ruwansa garau, kwaɗi suna ta biki a ciki kamar bai taɓa kashe kowa ba.

Yanzu akwai famfon sola a bakin masallaci, azumi kuma ya matsa ya bar tsakiyar bazara. Fari yana nan, da tabo a gadon bayansa inda gashi ya ƙi fitowa. An haɗa shi da wani jan sa malalaci wanda ko hula ka sa masa a baki ba zai tauna ba. Ban ba shi suna ba. Ja kawai nake ce masa.

Jiyan nan da na ga koren ya dawo, bayan azahar sai ga Baffa ya ɗaura shanu, ya loda ƙayar bagaruwa da jarkoki a amalanke, ya ce in hau. Bai ce ina za mu ba, ban tambaya ba. Muka je muka shinge mashayar tun daga gindin gawo har inda laka ta ƙare. Fari ko kallon ruwan bai yi ba, ya juya masa baya yana kaɗa jela. Wani makiyayi ya nufo da awakinsa, Baffa ya tare shi tun daga nesa yana ɗaga hannu, ya nuna masa hanyar famfo. Da mutumin ya juya, sai na ji Baffa ya yi ƙasa da murya, kamar da ƙayar yake magana.

"Amma dai a littafi, da tsarkinsa."

Daidai nan aka kira la'asar daga cikin gari. Na matsa gefe, na janye reshen ƙaya guda na buɗe masa hanya.

"To bismilla, Baffa. Ga ruwa."

Ya dubi tafkin. Ya dube ni. Ya taka zuwa amalanke, ya ciro buta, ya cika ta daga jarka.

"Ka cika surutu," ya ce. "Mayar da ƙayar nan."